SHAIDA A KUNNE, LAFIYA A GARKE

Jawabi ga jama'ar Gidan Goga da sauran garuruwan ƙasar Maradun, da Bakura, da Talatar Mafara



Iyayenmu sarakuna da hakimai, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Arɗo-arɗo da Sarakunan Fulani, Sarakunan Pawa, dillalai da fatake, iyayenmu mata masu kiwon awaki a cikin gida, samari da 'yan mata, muna gaishe ku, muna yi muku barka da war haka. Kai kuma ɗan'uwa da wannan takarda ta shiga hannunka, idan ka gama karantawa kada ka naɗe ta ka jefa aljihu. Ka nemi wanda bai iya karatun boko ba ka karanta masa, musamman mutumin ruga, domin maganar tasa ce kafin ta kowa.

Ga zaɓe ya gabato, kowa yana ta alkawari. Mu yau magana ɗaya tak muka zo da ita, watau maganar dabbobi: yadda za a sa wa kowace saniya shaida, a san mai ita, a san inda ta fito da inda ta nufa, domin a kashe cuta tun ba ta gama garke ba.

DABBA ITA CE BANKIN TALAKA

Jama'a, ba sai an gaya muku ba. A ƙasan nan tamu, wanda ya sami rarar kuɗi bayan kaka, ɗan maraƙi yakan saya ko tunkiya. Da ita ake aurar da 'ya, da ita ake suna, da ita ake biyan asibiti, ita ake sayarwa a sayi taki. Shanun huɗa su ne tarakta ta manomi. Mace kuwa akuyarta ita ce asusunta, ba mai taɓa mata sai da izninta. Gudali da Rahaji da Bunaji, Uda da Balami, da jar akuyar nan tamu wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, su ne dukiyar da kakanni suka bar mana.

To, wannan banki yana da ɓarayi biyu. Na farko mai bindiga ne, kun san shi, kun kuwa san shi fiye da kowa. Mutanen Gidan Goga ba su manta da watan Mayu na 2018 ba, lokacin da aka binne mutane fiye da ashirin. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta. Ɓarawo na biyu ba shi da bindiga, ba ya kuma jiran dare. Shi ne cuta. Yakan shigo ta kasuwa, ko ta mashaya, ko ta burtali, cikin jikin dabbar da kai da kanka ka sayo da kuɗinka. Abin da muke so ku gane shi ne, maganin da ke kama na biyun yana taimakawa ƙwarai wajen kama na farkon.

KU TUNA DA BUSHIYA

Yaran yanzu ba su san bushiya ba, sai dai mai ƙaya ta daji. Amma dattawa sun san ta. Ciwo ne da yakan kama saniya da zazzaɓi, idanu da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, sa'an nan zawo ya biyo, cikin 'yan kwanaki sai mushe. Wajen 1890 ta ratsa ƙasashen nan ta share shanu har aka rasa na tatsa, masu garke suka wayi gari da sanda kaɗai.

Saboda ita aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Vom cikin 1924. A 1961 aka yi taro a Kano, aka shirya yaƙi da ita na haɗin gwiwa, aka soma shi a 1962 tsakanin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, daga baya ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka har 1976. Wannan shi ne shirin da aka sani da JP15.

To, ga inda muke so ku kasa kunne. Malaman huji na wancan zamani, idan suka yi wa saniya allura, sai su ɗauki wani ƙarfe su fitar mata da 'yar shaida a kunne mai kamar ganye. Ba takarda, ba na'ura. Amma da ganin kunnen, malamin dabbobi ya san wadda aka yi wa da wadda ta tsere. Mai saye a kara ya sani. Ma'aikacin bakin iyaka ya sani. Da wannan 'yar shaida aka iya ƙidaya aiki, aka san garken da ya saura, har bushiya ta kwanta.

Amma me ya faru? Da aka ga ta kwanta sai aka saki jiki. Aka daina bin maruƙan da ake haifa kowace shekara, aka daina duba kunnuwa a kan iyaka. Cutar kuwa tana nan laɓe a wasu lunguna na Afirka. A 1980 ta sake ɓulla a tsohuwar Jihar Sakkwato, wadda mu ma muna cikinta a lokacin. A 1983 ta shigo ta wajen Chadi ta gama ƙasa, shanu suka mutu dubbai bisa dubbai. Sai da aka sake ɗaura ɗamara a 1986, aka yi ta allura da bin sawu shekara da shekaru, kafin a 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, cutar dabbobi tana kasuwa, an yi an gani, gani kuwa ya kori ji. Na biyu, ba a kashe ta da allura kaɗai. Sai an san wadda aka yi wa, an san inda take, an kuma ci gaba da sani bayan manyan baƙi sun koma birni.

CUTUTTUKAN DA SUKA RAGE

Bushiya ta tafi, 'yan'uwanta suna nan.

Akwai ciwon huhu. Shi wannan munafuki ne. Ta numfashi yake yaɗuwa, idan shanu suka cunkushe wuri ɗaya. Saniya tana iya ɗaukarsa ta yi makonni, wani lokaci har watanni, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Wata kuma ta yi ciwon ta tashi, ta yi ƙiba, ka gan ta sumul, alhali kuwa ƙwayar tana nan ƙunshe a huhunta. Irin wannan ce ake kaiwa kasuwa, ka saye ta da murna, ka zuba cikin garkenka. Wake ɗaya ke ɓata gari. Allurarsa kuma ba irin ta bushiya ba ce da ake yi sau ɗaya a huta, sai an maimaita kowace shekara. To, in babu shaida, in babu littafi, yaya za a san wadda aka yi wa bara da wadda ba a taɓa yi wa ba?

Akwai ciwon baki da kofato, wanda ba ya yawan kashe manya, amma yakan ƙafar da nono, ya kashe maruƙa, ya kwantar da shanun huɗa daidai lokacin da ake bukatarsu.

Akwai annobar awaki da tumaki mai majina da zawo, 'yar'uwar bushiya ce ta jini. Ita ce ke share wa iyayenmu mata turke. Tana da allura mai kyau, wadda in an yi sau ɗaya takan tsare dabba shekaru, duniya kuma ta sa 2030 a matsayin shekarar da ake fatan gamawa da ita.

Akwai ciwon saifa, wanda ke kama har mutum. Dabba takan faɗi farat ɗaya, baƙin jini ya fito ta hanci da dubura. Ƙwayarsa tana iya zama cikin ƙasa shekaru da dama. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja ta Jihar Neja. Muna roƙonku, dabbar da ta mutu haka kada a feɗe ta, kada a ci, kada a jeme fatar. A kira malamin dabbobi.

YADDA SHAIDAR TAKE AIKI

Abin ba wuya gare shi ba. Ɗan kunne ne na roba, da lamba a jikinsa, ba dabba biyu da za su yi tarayya a lamba ɗaya. Wani irin yana da 'yar na'ura a ciki, wadda in an kara mata abin karantawa sai lambar ta fito. Ana rubuta lambar a littafi da kuma kwamfuta tare da sunan mai dabba, da garinsu ko rugarsu, da launin dabbar, da allurar da aka yi mata. In an sayar, sai a juya sunan zuwa ga wanda ya saya. In an yanka, sai a soke lambar a kwata.

Ga misali. A ce ranar Talata an sayi sa a karar Mafara, aka loda shi zuwa Gusau, mahauci ya yanka, malamin duba nama ya tarar huhu ya ruɓe ya manne da haƙarƙari. A yadda aka saba, iyakacin abin a yar da huhun, magana ta ƙare. Garken da san ya fito yana can yana tari, ba wanda ya sani. Shanun da suka tsaya kusa da shi a kara sun watse, wasu Bakura, wasu Shinkafi, wasu Legas. Amma da akwai lamba, kafin la'asar an san rugar da ya fito. Gobe malamin dabbobi yana can da allura. A ware marasa lafiya, a yi wa maƙwabta rigakafi, a tsai da fita da shanu daga wannan yanki kaɗai na ɗan lokaci, sauran kasuwanni su ci gaba da ci.

Wannan shi ne bambanci. Gwamnatin da ba ta san inda cuta take ba, ko dai ta naɗe hannu, ko ta rufe ko'ina. Kun ɗanɗana rufe kasuwa a 2021, lokacin da aka hana cin kasuwannin mako da safarar shanu a Jihar Zamfara saboda tsaro, aka kuma yanke layukan waya. Kun san yadda mai rago ɗaya ya rasa inda zai sayar ya sayi hatsi. Da ana iya bambanta saniyar halal da ta sata a bakin kara, da hukuma ta sami wata hanya ban da kulle kowa.

Ba mu kaɗai ne masu shanu ba. Ƙasar Botsuwana, can kudancin Afirka, ta soma sa wa shanunta lamba ɗaya bayan ɗaya tun 2001, da farko wata 'yar na'ura ce ake ɗura wa saniya ta zauna a tumbi, daga baya suka koma ɗan kunne. Abin da ya sa suka ɗauki wannan wahala shi ne kasuwar Turai, wadda ba ta karɓar nama sai an san asalinsa. Ingila kuwa a 2001 ciwon baki da kofato ya bi kasuwannin tumaki ya watsu kafin a farga, sai da aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6. In mai arziki ya ji jiki haka, ina ga talaka?

GASKIYA ƊAYA CE

Ba za mu ruɗe ku ba. Wasu za su zo su ce ɗan kunnen nan zai nuna inda saniya take a tsakiyar daji. Ba haka ba ne. Irin wanda talaka zai iya samu ba shi da batir, ba ya magana da tauraron ɗan'adam, sai an matso kusa ake karanta shi. Ɓarawo kuma yana da wuƙa, yana iya yanke shi ya yar.

To, ina amfaninsa ga sata? Amfaninsa a kasuwa yake. Ɓarawo ba don ya tatsa yake kore shanu ɗari ba, don ya sayar ne. Ran da aka ce saniya mai yankakken kunne, ba lamba, ba takarda, ba ta shiga kara, ba ta hawa mota, ba ta shiga kwata, ran nan kasuwarsa ta soma mutuwa. Mai saye ya ji tsoro, dillali ya ji tsoro, mai mota ya ji tsoro. Abokin ɓarawo ai ɓarawo ne. Kai kuma da aka ƙwato shanu aka tara, ba sai ka yi ta rantsuwa kana neman shaidu ba, lambarka ta ishe ka. Ɗan kunne ba zai maye gurbin soja da ɗan sanda ba, amma zai toshe ramin da kayan sata ke zurarewa.

TSORON DA KE ZUKATANKU

Mun san abin da mutumin ruga yake faɗi a zuci: duk wanda ya ƙirga maka shanu, jangali yake nufi. Ba laifinsa ba ne. Tun zamanin Turawa da En'e, ƙidayar shanu ba ta taɓa zuwa da alheri ba, shi ya sa da an hango malamin jangali sai a raba garke, rabi ya shige daji. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba a manta da murnar da aka yi ba a 1979 da gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali.

Mun kuma san mutanen ƙasan nan suna da nasu tabon. Dam ɗin Bakalori an gina shi da sunan alheri, amma da aka taɓa gonakin mutane ba tare da an gama sasantawa da su ba, kowa ya san jinin da ya zuba a watan Afrilu na 1980. Aikin Gwamnati, kome kyansa, in an ɗora wa mutane shi daga sama, ba ya ƙarko.

Wasu kuma suna tambaya ta wajen addini. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa wa raƙuman zakka shaida da hannunsa mai albarka, ya sa wa tumaki a kunne, abin da ya hana shi ne yin ta a fuska. Game da layya, malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa ƙaramar tsaga ba ta ɓata ta, sai abin ya wuce sulusin kunne. Hujin ɗan kunne bai kai ko kusa ba. Balle ma Fulani sun gaji tsaga kunne tun kaka da kakanni, kowane gida da irin tasa. Daɗin daɗawa, ɗan kunne ya fi lalas, domin lalas yana ɓata fata ya karya mata daraja a wurin majema.

ABIN DA KE ƘASA, DA ABIN DA MUKA ƊAUKA

Doka tana nan. A 2022 aka sa hannu a kan sabuwar dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi, wadda ta maye gurbin ta 1988. A shekarar kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin sa wa dabbobi shaida da bin sawunsu, wanda a taƙaice ake kira NAITS. A 2024 aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. Tun 1998 ma ƙasashen ECOWAS suka amince cewa makiyayi mai ƙetare iyaka ya riƙe takardar da ke nuna yawan dabbobinsa da allurar da aka yi musu. Takardu sun yi kyau. Amma kai mai karatu, leƙa turkenka ka duba kunnuwa, sa'an nan ka ba kanka amsa.

Saboda haka, idan Allah ya nufa kuka ba jam'iyyarmu amanarku, ga abin da muka ɗauka:

1. Ɗan kunne da allurar rigakafi za su zo tare, rana ɗaya, kyauta ga ƙaramin mai kiwo. Ba za a sa wa dabba lamba a tafi a bar ta ba allura ba.

2. Za mu sa a rubuta cikin doka ƙarara cewa littafin dabbobi ba na haraji ba ne. Ma'aikacin da ya fitar da sunan mutum da yawan shanunsa ga wanda bai kamata ba, zai fuskanci shari'a, domin a wannan zamani faɗin dukiyar mutum daidai yake da nuna wa ɓarawo ƙofarsa.

3. Ba za a soma a kowace gunduma ba sai an zauna da hakimi, da arɗo, da liman, da Sarkin Pawa, da shugaban dillalai, da wakiliyar mata. Su ne za su tsai da rana da wuri.

4. Za a soma daga kara da kwata da tashar lodi, tun daga kasuwar Talatar Mafara, kafin a bi ruga-ruga. Za a ba da wa'adi isasshe kafin a hana dabba marar lamba shiga kasuwa.

5. Za a ɗauki 'ya'yanku, na gari da na ruga, a koya musu aikin allura da sa lamba. Kowace gunduma ta sami malamin dabbobi mai babur, da firjin ajiye magani mai aiki da hasken rana, domin allurar da ta sha zafi ruwa ce kawai.

6. Dabbar da hukuma ta ce a yanka ko a binne saboda cuta, za a biya mai ita diyya cikin hanzari. Wanda ya san zai yi asara in ya faɗi gaskiya, ɓoyewa zai yi, ko ya ruga da ita kasuwa.

7. Awaki da tumakin mata suna cikin lissafi, da sunan matan za a rubuta su, ba da sunan mazansu ba.

8. Kowace shekara za a bi maruƙan da aka haifa, a kuma karanta wa jama'a a rediyo yawan abin da aka yi a kowace Ƙaramar Hukuma, don kada a maimaita sakacin da ya dawo da bushiya.

Naku aikin kuma shi ne ku fito da dabbobi duka ranar allura, ba rabi ba. Garken da aka yi wa rabi, cuta tana da wurin kwana. Sabuwar dabba in ka sayo, ka ɗaure ta gefe makonni kafin ka haɗa. In ka ga tari ko mutuwar farat ɗaya, ka kai labari da wuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KU RIƘE WANNAN TAKARDA

'Yan'uwa, Bahaushe da Bafillace, manomi da makiyayi, ciwon huhu ba ya tambayar yaren mai saniya. Mashaya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, namu ne ko na wasu, ku tambaye shi abu uku: Wa zai biya kuɗin lamba? Wa zai riƙe littafin? Wa zai biya diyya? In ya kasa amsawa, ku san bai shirya ba. Mu mun ba da tamu amsa a rubuce. Ku adana ta a cikin adaka, ran da muka saɓa ku fito da ita ku nuna mana.

Ku nemi katinku na zaɓe tun yanzu. Ranar zaɓe ku fito da sassafe, maza da mata, ku bi layi cikin natsuwa, ban da faɗa, ban da zagi. Ku duba alamar da ke bangon wannan takarda, ku dangwala mata, ku tsaya a ƙirga a gabanku.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Allah ya tsare mu, ya tsare dukiyarmu, ya mai da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu, ya ba mu damina mai albarka. Amin.